Keken Ibra a Akwatin Innocent

Na daɗe ban yarda keke zai shiga jirgin sama ya fito da ransa ba. Da zan dawo gida daga karatu, akwatin ƙarfe na sa a jirgi, ya iso Kano a lotse kamar jaki ya harbe shi. In ƙarfe mai kauri ya sha wannan wahala, ina ga abin da rabinsa waya ce, rabinsa iska? Shi ya sa da aka ba ni labarin Ibra Bagobiri da kekensa, sai da na bi shi daki-daki kafin na ɗauka.

A farkon daminar 1957, Ibra, dillalin fatu a Fagge, ya samu kujera a jirgin alhazai. Gwiwarsa ta hagu ta lalace tun yana saurayi, ranar da raƙumi ya danne shi a zango. Tafiyar ƙasa mai nisa ta gagare shi, amma in ya hau keke ba mai cewa da abin da ke damunsa. Alhazan bara sun gaya masa cewa a can, wanda ƙafa ta kasa, ɗora shi ake a kan katako, ƙatti su ɗauke shi a ka suna ratsa jama'a da shi. Ibra ya ce shi kam ba za a ɗauke shi a ka ba sai ranar da ya daina numfashi. Da kekensa zai tafi. Wakilin jirgi ya yi dariya, da ya ga ba wasa ba ne ya ce to, a kwance keken, a sa shi a abu guda rufaffe, a biya nauyinsa, in kuma ya karye ba ruwan kowa.

Saura abin da za a sa shi a ciki. Kafinta ɗaya Ibra ya yarda da aikinsa, shi ne kuma mutumin da Ibra ba ya son roƙon komai a wurinsa: Yekini, Bayarabe haifaffen Fagge, mai rumfar katako a Sabon Gari. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, su biyun nan kuwa sun riƙi wasan kamar sana'a.

Da hantsi, ruwan asuba bai gama tsanewa a hanya ba, Ibra ya jingine keken a bakin rumfar, ya sauke tabarma da buhunan gyaɗa wofi da ya ɗauro a baya, ya dogara sandarsa ya shiga.

"Lafiya lau, ai na ce maka lafiya lau," in ji shi, tun Yekini bai rufe baki daga gaisuwa ba. "Sau nawa bawa ke tambayar ubangidansa kwana?"

"Ubangida ne ke tambayar bawa, don ya san ko dukiyarsa ta kwana lafiya," in ji Yekini, yana ta gogar katako bai ɗago ba. "Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, ban da rumfarka. Yoyo take kamar bakin mai ita."

"Zauna, ɗan Gobir, kada ƙafar nan ta ba mu kunya a gaban mutane. Na ji an ce za ka Makka. Na ce ƙarya ne, ban ba da izini ba."

"Jibi, in Allah ya yarda. Kai ka zauna kana shaƙar garin katako, ni in dawo Alhaji, ka riƙa durƙusawa kana gaishe ni."

"Larabawan sun san da zuwanka? A aika musu su ɗaure raƙumansu, kada wani ya ƙarasa ɗaya ƙafar."

Ibra ya haɗiye wannan, don yau shi ke da buƙata. Ya zauna a benci, ya miƙe ƙafar, ya nuna keken da sanda.

"Aiki na kawo maka, ko ka samu na manja. Akwati nake so wanda zai ci keken nan."

Yekini ya ajiye aikinsa. Ya dubi keken, ya dubi mai keken, ya sake duban keken.

"Shi ma hajjin zai yi?"

"Ya fi ka cancanta. Bai taɓa sayar wa kowa tebur mai rawa ba."

"A kansa za ka yi ɗawafi, kana kaɗa ƙararrawa a ba ka hanya?"

"Ɗawafi tsakanina da Allah ne, ko da rarrafe zan yi shi. Amma daga masauki zuwa masallaci, daga Makka zuwa Mina, ba ƙaton da zai ɗora ni a ka kamar tulu."

"Su ma ba so suke ba. Wa ke son ɗaukar kan Bagobiri? Dutse ne zalla." Yekini ya shuri buhunan da ƙafa. "Waɗannan fa?"

"In ka kasa, kamar yadda na zata, in naɗe shi a tabarma in zura a buhu."

"Kun ji ko. Ku komai a wurinku gero ne, a zuba a buhu a ɗinke baki. Feda za ta huda buhun tun kana kan hanyar filin jirgi. A ciki kuma a jibga masa akwatunan alhazai, kowane da turmi da garin tuwo. Ya isa Jidda ƙafafunsa kamar faifan da akuya ta tauna. Sai ka rungume shi ku yi kuka tare, guragu biyu a ƙasar mutane."

"Ba wa'azi na zo ji ba. Wancan na ƙarfen fa?"

A kusurwa akwai wani akwatin ƙarfe mai zanen furanni, irin na amare, da aka kawo gyaran marfi. Ibra ya tashi ya gwada shi da sandarsa, ya fita ya gwada keken. Akwatin bai kai ba, ko kusa.

"Ba komai, sai mu rage keken," in ji Yekini, ya ɗauko zarto. "A raba shi biyu. In ka isa ka nemi tela ya ɗinke maka."

"Taɓa shi da zarton nan, in ƙara maka tsage a kumatu da shi."

"Wa ke maganar tsage? Kai da wanzami ya fara yanka daga bakinka, ya manta ya tsaya sai da kunne ya tare shi?"

"Namu na sarauta ne. Naku an yi ne don in kun gudu a gane ku a dawo mana da ku. Ajiye zarton, ka ƙera mini sabo."

"Da wane katako? Zo ka taɓa."

Ibra ya ɗora hannu a kan tarin katakon da ke jingine. Sanyi ƙalau, har da danshi.

"Ɗanye ne," in ji Yekini. "Tun daga kurmi ruwa ke dukansa a jirgin ƙasa, ya zo nan ma bai huta ba. Ya fi ka nauyi, kuma da ya ji zafin Jidda zai murɗe ya tsage, ya matse keken kamar matsattsen takalmi. Da ka zo tun da rani, da yanzu an gama."

"Da rani fushi nake da kai."

"A kan me?"

"Na manta. Amma kai ne da laifi."

Ibra ya koma benci ya zauna. Daga nan yana hango keken a bakin ƙofa, baƙi, goge da mai, sirdinsa ya lotsa daidai zamansa. Da shi yake zuwa mahauta, da shi yake zuwa masallacin Juma'a, a kansa ne kawai yara ba sa duban ƙafarsa. Ya kwatanta kansa a kan katako, a saman kawunan ƙatti, mutanen Fagge da suka zo jirgi ɗaya suna ɗaga kai suna yi masa sannu. Labarin kuwa zai riga shi dawowa gida.

Yekini ya dube shi ta wutsiyar ido, ya sosa gemu.

"Akwai guda ɗaya," in ji shi. "Busasshe, mara nauyi, ga tsawo ga faɗi, har da katifa a ciki. Amma na manyan mutane ne."

"To ai nawa ke nan. Fito da shi."

"Ka rantse ba za ka yi faɗa ba."

"Yaushe ka taɓa ganin na yi faɗa?"

Yekini ya shiga can ƙuryar rumfa, ya janye wani tsohon zane da aka lulluɓe wani dogon abu da shi. Farin katako ne, an goge shi sumul, faffaɗa a wajen kafaɗu, ya tsuke a wajen ƙafafu, da mariƙai a gefe da gefe.

Ibra ya ƙura wa abin ido. Sannan ya miƙe, ya manta da sandar, sai da gwiwar ta tuna masa.

"A'uzubillahi. Yekini, shekara da shekaru ina jure maka. Ka kira ni bawa, ka zagi garinmu, ka zura hannu a aljihuna ka ci gorona. Yau ina shirin ɗakin Allah, ka fito mini da akwatin gawa?"

"Akwatin keke."

"Fata kake yi mini?"

"Da fata nake maka, da na ƙera daidai kai. Dube ka kamar sillen kara. Irinka uku za su kwanta a nan su yi dambe, ba wanda ya taɓa wani."

"Na wa ne?"

"Na Innocent, mai gidan burodin can. Ka san shi, wanda sai an buɗe masa ƙofa biyu. Bara ya kwanta ciwo har aka fid da rai. 'Yan'uwansa suka zo da igiya suka ba ni tsawonsa da faɗinsa. Na kwana biyu ina aiki, na sa auduga, na shimfiɗa farin yadi. Ina shirin kai musu, sai aka ce mutumin ya tashi zaune ya nemi sakwara. Tun daga ran nan ba ya bin gefen rumfata. Ta can tsallake yake wucewa, ya ɗaga mini hannu daga nesa."

"Ya fi ni hankali. Ni ne na kawo kaina." Ibra ya sunkuya yana tattara buhunansa. "Musulmi, ɗan Musulmi, jikan waɗanda suka kori kakanninka har bakin teku, in shiga jirgin alhazai da akwatin gawa a biye da ni. Me zan ce wa mutane?"

"Likkafani fa? Babu a jakarka?"

"Kowane alhaji da nasa. Wannan sunna ce ta tafiya."

"To kai ka fi su shiri, shi ke nan."

"Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya fara koya wa Bayarabe Hausa."

"Uwata ce, kuma ta fi taka iya ta. Ajiye buhun nan ka zauna, ga amsarka tana zuwa."

Amalanke ne ya tsaya a gaban shagon da ke maƙwabtaka, 'yan dako biyu suka turo shi daga tashar jirgin ƙasa, da akwatunan kayan kwano da tangaran. A jikin kowane an yi manyan rubuce-rubuce da jan fenti, har da hoton kofi. Ɗaya ya hau sama ya turo akwatin farko da ƙafa, ɗayan ya tare shi da gwiwa, ya sake shi. Ya faɗi ƙasa da kusurwa, wani abu ya yi ƙara a ciki. Na biyu ma haka. Na ukun mirgino shi suka yi, suna hirar wata mai abinci.

"Ka san abin da aka rubuta a jiki?" in ji Yekini. "An ce a bi a hankali, abin fashewa ne. Ka ga hankalin. Ka zaci na filin jirgi daga wata uwa suka fito? Ko na Jidda? Ɗan dako ɗan dako ne ko'ina, kaya sun yi masa yawa, rana ta yi masa zafi. In na ƙera maka akwatin da ya fi na gwamna kyau, haka za su yi da shi."

"Naka ma haka za su yi da shi."

"Samari," Yekini ya ɗaga murya, "in kun gama ku zo ku fitar mini da wani kaya ya sha iska."

Suka shigo suna share gumi. Da suka ga kayan, hirar ta mutu. Babban cikinsu ya gyara hularsa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, da mutum a ciki?"

"Ba kowa. Wofi ne. Buɗe ka gani."

"A'a, mun yarda."

Suka yi bisimilla, suka kama mariƙan, suka ɗaga shi a hankali kamar ƙwaryar da aka cika da nono. A bakin ƙofa na gaba ya ce wa na baya ya kula da dokin ƙofar, na baya ya ce ya gani. Suka nemi wuri busasshe, ƙaramin ya share tsakuwa da ƙafa, suka sauke shi ko ƙara bai yi ba. Yekini ya miƙa musu lada, suka karɓa suka tafi ba waiwaye.

"To," in ji Yekini. "Na gaya musu wofi ne, kana ji. Baki ya faɗa musu gaskiya, hannu ya ƙi yarda. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya jefar da wannan ba, Musulmi ko Kirista, mai hankali ko bugagge. Ba katako ke tsare kaya ba, ɗan Gobir. Tsoron mai ɗauka ne."

Ibra yana tsaye da buhu a hannu. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya rasa inda maganar ta karkace.

"Yaudara ce," in ji shi. "In fara aikin hajji da yaudarar bayin Allah?"

"Wa ka yaudara? Ɗauki fenti ka rubuta keke a jiki, da boko da ajami, manya-manya. Turawan filin jirgi su buɗe su gani, keke ne. Mai tambaya ka gaya masa keke ne. Wanda bai tambaya ba, tsakaninsa da zuciyarsa."

"In Tasalla ta ga an shigo da wannan gidana, sai dai a sa ta a ciki."

"Matarka ta ga abin da ya fi wannan ban tsoro, kullum da safe a kan tabarmarta. Amma ba sai ya je gidanka ba. Daga nan zai wuce filin jirgi, a lulluɓe da tabarmar nan taka. In an isa a yaye."

"Mutanen unguwa za su raka ni."

"Madalla. Su yi maka rakiya da ta'aziyya a tafiya ɗaya, ka rage musu wahala."

"Ba zai ma shiga ba," in ji Ibra, ya kama wannan hujja da hannu biyu. "Ƙafar keke da'ira ce, ba kafaɗar mutum ba."

"Ba ka san kafaɗar Innocent ba. Turo shi nan."

Ibra bai turo ba, bai kuma hana ba. Yekini ya jawo keken, ya kifa shi a kan sirdi, ya ɗauko sifana.

"A hankali. Ba ƙofar bayan gida kake kwancewa ba."

"Yi mini shiru. Rabon ƙusar nan da mai tun zamanin yaƙi."

"Jiya na sa mata. Hannunka ne ya mutu, barkono ya cinye ƙarfinsa. Hagu ake juyawa."

"Ni za ka koya wa hagu? Kai da hagunka ke hutu tun kafin a haifi 'ya'yanka?"

Ƙafar gaba ta fita, ta baya ta bi ta. Yekini ya cire feda, ya sassauta kan keken ya juya shi ya kwanta a jiki, ya zare sirdi. Ibra na karɓar kowace ƙusa yana ƙullewa a bakin rawaninsa, yana cewa ya san halin Yarbawa da ƙananan ƙarafa. Da aka buɗe marfin, farin yadin ya bayyana, lumtsum da auduga.

"Sarƙar za ta ɓata yadin da baƙin mai," in ji Ibra, bai san ya faɗa ba.

"Ka fara tausayin akwatin ke nan. Kawo buhunka, ga inda zai yi amfani."

Suka naɗe sarƙar da buhu. Gangar keken ta kwanta a tsawon akwatin, har da sauran wuri. Yekini ya shimfiɗa ɗaya buhun a kai, ya ɗauko ƙafa ɗaya ya saita ta a wajen kafaɗu. Ibra yana roƙon Allah kada ta shiga, yana kuma roƙon ta shiga. Ta zauna daram, kamar da ita aka yi gwajin. Ta biyu ta hau kanta. Suka cusa ɓarɓashin katako a kowane lungu, sirdi da feda da famfo suka samu wuri a wajen ƙafafu. Yekini ya mai da marfi, ya kama mariƙi ɗaya ya jijjiga. Ko motsi ba a ji a ciki ba.

"Ɗaga ka ji."

Ibra ya kama ɗaya gefen. Bai kai nauyin da ya zata ba. Ya sauke, ya koma benci, ya zuba wa akwatin ido.

"Duk da haka ba zan iya ba," in ji shi, muryarsa ta sauka. "Har in mutu za a riƙa cewa Alhajin da ya je Makka da akwatin gawa."

Yekini ya goge hannu a jikin rigarsa, ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Za a faɗa. Ni zan fara. Amma dole a can a ɗauki ɗayanku a kafaɗa, ana tafiya a hankali, mutane na kaucewa. Ko keken, ko kai. Zaɓi."

Ibra ya dubi akwatin, ya dubi gwiwarsa. Ya nemi zagin da zai dace ya rasa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariyar ta ƙwace masa, ya yi ta har da tari, yana buga sanda a ƙasa.

"Allah ya tsine wa raƙumin da ya kai ni ga neman shawarar Bayarabe. Kawo fentin."

Ya durƙusa da ƙyar a kan lafiyayyar gwiwar, ya rubuta keke da ajami a kan marfi. Yekini ya rubuta da boko a gefe, Ibra na cewa rubutun ya yi kama da sawun kaza, Yekini na cewa nasa ya yi kama da inda kazar ta mutu.

"To faɗi kuɗinka, kada ka cuce ni, na san farashin itacen wuta."

"Mai da hannunka aljihu. Ina ka taɓa jin bawa zai yi doguwar tafiya, ubangidansa ya sayar masa da guzuri? Na ba ka. In ka ga Ka'aba ka ambaci sunana, da kyau, ba yadda ka saba ba."

"Zan ambata. Zan ce ga wani bawana can a Sabon Gari, a shirye shi in zai shiryu. In kawo maka Zamzam kuma, ko bakin nan zai wanku."

"Kawo da yawa, mu raba. Yanzu da me za ka koma Fagge?"

Ibra ya dubi ƙofa, inda keken ya saba jiransa, ya dubi akwatin da aka riga aka ɗaure da igiya.

"Kwance shi."

"Ban kwancewa. Ga amalanke can bai yi nisa ba, in kira su su ɗora ka?"

"Ka kira su, in rubuta sunanka a ƙarƙashin na keken."

A ƙarshe Yekini ya rufe rumfa, ya fito da nasa keken, ya goya shi a baya. Har suka shiga Fagge ana jin su, Ibra na cewa haka ya kamata bawa ya yi wa ubangidansa, Yekini na cewa kayansa ya ɗauko zai kai gida ya ajiye.

Bayan shekara biyu na samu Alhaji Ibra a rumfarsa ta fatu, keken na jingine a gefe. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: da gaske keken ya isa can lafiya?

"Ko waya ɗaya ba ta lanƙwashe ba," in ji shi. "A Jidda mutum huɗu suka ɗauke shi a kafaɗa, ina biye da sandata, jama'a na buɗe mana hanya. Wani dattijo ya riƙe hannuna yana ta yi mini addu'a da Larabci. Na ce masa keke ne, bai ji Hausa ba, sai na ce amin. A kansa na je Mina, a kansa na dawo, ba wanda ya ɗauke ni. Amma in ka bi ta Sabon Gari, kada ka gaya wa Bayaraben nan. Shi ce masa na yi ƙararrawar ta lotse."